Kada a leƙa shi sai ya saba? Ban yarda ba

Shawarar labarin nan, wai idan an kai mai ciwon mantuwa gidan kula da tsofaffi na ɗan lokaci don mai jinyarsa ya huta, kada a leƙa shi sai ya saba da wurin, ba kowa za ta yi wa daidai ba. Maigidana ya yi mako 2 a irin wannan gida nan Ingila bara. Na bi maganar, na yi kwana 3 ban je ba. Da na je na tarar ya daina cin abinci, Turancin da ya yi shekaru yana aiki da shi ya gudu, Hausa kawai yake yi wa ma'aikata, babu wanda ya gane ruwan alwala yake nema. Daga nan na riƙa zuwa da hantsi, don da la'asar rikicewar ta fi tsanani, in kai masa tuwo da miyar kuka a kula, in zauna har ya ci, in zame ba dogon sallama. Marubucin kuma bai faɗa ba cewa idan ƙaramar hukuma ce ke biyan kuɗin gidan, tallafin Attendance Allowance, wato kuɗin da gwamnati ke ba tsofaffi masu buƙatar kulawa, na tsayawa bayan kwana 28. Malamin da ya rubuta a sama cewa abin kunya ne mace ta kai mijinta can, ka taɓa kwana uku a jere ba barci kana tsaron ƙofa kada ya fice cikin sanyi da tsakar dare?