"Bari in mayar da kuɗina"

Ƙannena samarin Aboabo da Asawase a Kumasi, akwai maganar da nake yawan ji a bakinku bayan an tashi daga kallon ƙwallo, kowa ya duƙa kan waya yana caca: "Bari in sake sau ɗaya in mayar da kuɗina." Wallahi tana tayar min da hankali.

An daɗe masana tattalin arziki suna ɗauka cewa mutum kan zauna ya auna riba da asara kafin ya saki kuɗinsa. A 1979 wasu masana halayyar ɗan Adam, Daniel Kahneman da Amos Tversky, suka nuna ba haka zuciya take aiki ba. Zafin rasa sidi 100 ya kusa ninka daɗin samun sidi 100. Abin da ya fi ba ni tsoro a bincikensu shi ne, wanda ke kan riba yakan yi taka-tsantsan, amma wanda ya riga ya faɗi shi ne ke afkawa cikin kasada, don ransa ya ƙi yarda cewa kuɗin sun tafi. A kan irin wannan aiki aka ba Kahneman kyautar Nobel a 2002.

To kai da ka yini kana tuƙa pragya (keke mai ƙafa uku) a rana, caca ta cinye rabin cinikinka, ka zuba sauran, kada ka ce lissafi ka yi. Zafi ne ya ja hannunka. Ga MoMo kuma, wato asusun kuɗi na waya, kuɗi na fita ba ka ƙirga su da yatsa ba, balle ka ji nauyinsu. Allah Ya riga Ya hana mu caca a Suratul Ma'ida, Shi ne Ya san abin da Ya halitta.

Ku dubi iyayenmu mata a kasuwar Kejetia. Kullum suna miƙa wa mai susu kuɗi, ƙarshen wata ya riƙe zubin kwana ɗaya ladansa. Biya suke yi a ɓoye musu kuɗinsu daga hannunsu, domin sun san kuɗin da ya kwana a haɓar zani ba ya kai gobe.

Kai ma idan ka tashi aiki, ware abin ajiya ka miƙa wa Hajiya ko wani babba da kake jin nauyinsa tun kafin a fara wasa. Manhajar cacar nan kuma ka goge ta da safe, lokacin da zuciyarka ke kwance.