Jarumin Fim Mai Ɗaukar Fansa da Abin da Kyamara ke Ɓoye Mana

Assalamu alaikum 'yan uwana matasa.

Akwai wani irin jarumi da ya mamaye finafinan da muke kallo, kuma ya shiga ran da yawa daga cikinmu. Ba mutumin kirki ba ne irin jaruman da, ba kuma shi ne bos ba. Yana ƙarya, yana azabtarwa, yana kisa ko ƙyafta ido ba ya yi, amma muna bayansa ɗari bisa ɗari, domin tun farkon fim an nuna mana an kashe masa mata ko ɗa, ya kai kuka wurin hukuma aka watsa masa ƙasa a ido. Daga nan duk ɓarnar da ya yi ta zama halal a wurinmu. Hotonsa ne a fuskar wayoyinmu, kalamansa muke yaɗawa a shafukanmu kamar wata hikima.

Masu shirya fim sun daɗe da sanin ƙarfin wannan labari. A Amurka, daga 1934 zuwa 1968, kamfanonin Hollywood suna aiki da wata ƙa'ida da ake kira Hays Code, wadda ta hana a karkata tausayin mai kallo zuwa ga laifi, har ta fito fili ta ce kada a halasta ramuwar gayya a labarin da ya shafi zamanin yau. Da aka yi watsi da ita, ba a jima ba finafinan masu ɗaukar doka a hannu suka cika sinima, irin su Death Wish na 1974. A Indiya ma a shekarun ne Amitabh Bachchan ya yi suna da fitowa a matsayin fusataccen saurayi, tun daga Zanjeer na 1973, lokacin da tsadar rayuwa da rashin aiki suka sa talaka ya fara fitar da rai daga hukuma. A 2019 fim ɗin Joker ya tara sama da dala biliyan ɗaya. Duk inda mutane suka ji an danne musu haƙƙi, wannan haja tana samun kasuwa.

Ba na zargin kowa don zuciyarsa ta yi sanyi lokacin da azzalumi ya ji a jikinsa. Ƙin zalunci alama ce ta zuciya mai rai, kuma wanda aka taɓa cin zalinsa ya rasa mai share masa hawaye ya san abin da nake nufi. Wani bincike da aka yi a Zurich a 2004 ya nuna cewa idan mutum zai hukunta wanda ya ci amanarsa, sashen ƙwaƙwalwa mai alaƙa da jin daɗin lada yana motsawa. Amma a 2008 wasu masana halayyar ɗan Adam uku, Carlsmith da Wilson da Gilbert, sun gano sauran labarin: waɗanda suka rama sun yi zaton za su huce, sai ga shi sun fi waɗanda ba su samu damar ramawa ba zama cikin ɓacin rai, saboda sun ci gaba da juya mai laifin a zukatansu. Fim yana ƙarewa daidai lokacin da bos ya faɗi, ba ya nuna maka daren da ya biyo baya.

Babbar yaudarar tana wurin kyamara. Kai mai kallo ka ga laifin da idonka, ka ga fuskar wanda ya aikata, ka ji dariyarsa ta mugunta. Marubucin ya cire maka duk wani kokwanto kafin jarumi ya ɗauki bindiga, shi ya sa ba ka taɓa tambayar ko ya kuskure mutum. A rayuwa kuwa wa ya taɓa ba ka wannan tabbacin? Abin da ke hannunmu yawanci “an ce” ne, da guntun bidiyo da ba mu san farkonsa ba, da maganar wani mai jin haushi. A 2017 da 2018 an kashe mutane da dama a Indiya da duka, bayan an yaɗa jita-jitar masu satar yara a WhatsApp, alhali matafiya ne da baƙi da ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Abin ya kai kamfanin ya taƙaita yawan tura saƙo a ƙasar zuwa wurare biyar. Kowane ɗaya daga cikin masu dukan nan yana ganin kansa jarumi ne mai kare yara. Kotu ma da take da alƙali da lauyoyi da shaidu da damar ɗaukaka ƙara tana kuskure: a Amurka gwajin ƙwayar halitta ta DNA ya wanke ɗaruruwan mutanen da aka riga aka ɗaure. To ina ga mutum ɗaya da fushi ya rufe masa ido, shi ne mai ƙara, shi ne shaida, shi ne alƙali, shi ne kuma mai zartarwa?

Sannan ku lura da waɗanda jarumi ke zubarwa a hanyarsa kafin ya kai ga bos: masu gadi, direbobi, yaran gida. Ba a ba su suna, ba a nuna uwar da ta haife su, wani lokaci ko fuskarsu ba a haskawa. Ran mutum ɗaya na gidan jarumi ya ci rayuka talatin, mu kuma muna tafi. Da za a ɗauki ɗan ɗaya daga cikin masu gadin nan a yi fim da shi, jaruminmu ne zai zama bos, kuma da irin hujjarsa za a farauce shi.

Haka ramuwar gayya take, ba ta da wurin tsayawa. Larabawan jahiliyya sun ɗanɗana ta: yaƙin Basus tsakanin ƙabilun Bakr da Taglib ya ɗauki kimanin shekara 40, asalinsa kuwa taguwa ɗaya ce aka harbe. Shi ya sa a Hajjin Ban-kwana Manzon Allah (SAW) ya soke duk jinin jahiliyya, kuma ya fara da jinin danginsa, na ɗan Rabi'a bn Haris. Musulunci bai ce wanda aka zalunta ya haɗiye kawai ba. Ya ba shi haƙƙin kisasi, ya buɗe ƙofar diyya da afuwa, amma ya gindaya iyaka. A Suratul Isra'i, aya ta 33, an ba magajin wanda aka kashe hujja, nan take kuma aka ce kada ya wuce haddi a kisa. A Suratul Ma'ida, aya ta 8, an hana ƙiyayyar wasu mutane ta sa mu kauce wa adalci. Malamai kuma sun yi bayani cewa zartar da kisasi aikin hukuma ne bayan an tabbatar da laifi, ba kowa ne zai tashi ya yanke wa kansa ba.

Ku duba Sayyidina Ali (RA). A Ramadan na shekara ta 40 bayan Hijira, Ibn Muljam ya sare shi a masallacin Kufa. Ba a kokwanton wanda ya yi, an kama shi nan take. Duk da haka, yana kwance cikin ciwon ajali, ya yi wasiyya a ciyar da fursunan a kyautata masa, in ya rasu a kashe shi shi kaɗai ba tare da an wulaƙanta gawarsa ba, kada kuma a fake da jininsa a zubar da jinin wasu. Wannan mutum ne da duniya ta shaida jarumtarsa a fagen fama, ba tsoro ne ya sa shi faɗin haka ba.

Na san wani zai ce: idan hukumar ce ta gaza fa? Idan mai kuɗi ya saye shari'a? Tambaya ce mai nauyi, kuma wallahi ba na raina zafinta. Sai dai ranar da aka koma kowa ya rama da hannunsa, ba talaka ne zai ci riba ba. Mai kuɗin nan ya fi ka makami, ya fi ka yara. Dokar da kake ganin ta gurgunce ita ce ɗan abin da ya rage tsakaninka da shi, don haka gyara ta ya fi maka amfani fiye da rushe ta.

Ban ce fim zai mayar da kai makashi ba, ban kuma ce ku daina kallo ba. Abin da nake tsoro ya fi wannan kusa. Wanda ya saba tafa wa ramuwa a allo, ranar da budurwa ta juya masa baya shi ne zai watsa hotunanta da sirrinta a intanet. Ranar da aka taɓa abokinsa shi ne zai tara samari a je a daki duk wanda aka samu. Ranar da aka yi ihun ɓarawo shi ne zai fara ɗaukar dutse bai tambayi me aka sata ba. Idan an zalunce ka, ɗan uwana, ka adana hujjarka, ka nemi shaidu, ka kai ƙara, ka sa manya da masu faɗa a ji su shiga, ka nace ko da za a ja ka. Kada kuma ka yanke hukuncin komai a daren da abin ya faru.