Ba jaririn dabino ba ne, iyakar girmansa ke nan

Akwai wani ɗan gajeren dabino da masu sayar da furanni kan jera a cikin tukwane, ganyensa kore shar, siriri kamar gashin tsuntsu. Mutane da yawa na saye da zaton jariri ne, wai nan da 'yan shekaru zai miƙe ya fara zubo dabinon buɗa-baki. Ba haka ba ne.

Ɗan'uwan dabino ne, amma jinsinsa daban. Masana tsirrai na kiransa Phoenix roebelenii, kuma asalinsa gaɓar koguna ne irin su Mekong, a Lawos da arewacin Biyetnam da kudancin Sin. Ko ya tsufa, tsawonsa ba ya wuce mita 2 zuwa 3 sosai, alhali dabinon da muka sani yakan haura mita 20. Yana da mace da namiji, macen ce ke 'ya'ya: ƙanana, kusan santimita 1, baƙaƙe in sun nuna. Ana iya ci, sai dai duk ƙwallo ne, naman ɗan kaɗan.

Abin da ke damuna shi ne yadda kuskuren ke kashe shi. Mutum ya ɗauka ɗan hamada ne, sai ya ajiye shi a tsakar rana, ya hana shi ruwa, bakin ganyen ya ƙone lokacin hunturu. To shukar bakin kogi ce. Tana son ƙasa mai laima wadda ruwa ba ya kwanciya, da ɗan inuwa da rana tsaka.

In za ka sare busasshen ganye, kula da hannunka. Gindin kowane reshe akwai ƙayoyi dogaye masu tsini kamar allura.