Wai in je in koyi ɗaukar shanta

Jiya Talata saura ƙiris in tattara littattafaina in bar ma'ahad ɗin nan da nake koyon aikin otal a Jidda. Kullum daga Shari Mansur, unguwarmu a Makka, nake tasowa bayan asuba, tafiyar wajen kilomita 80, da kuɗin da tsohuwata ta tara wajen sayar da tsaraba ga alhazai, don kawai in zauna gaban mutumin da ke karanta mana abin da ke allo kamar mai biya hadda.

Darasin istiƙbal muke, wato tarbar baƙi. Na ɗaga hannu na ce, "Ustaz, a goman ƙarshe na Ramadan idan baƙo ya iso ƙarfe uku na dare, ya biya kuɗinsa, ɗaki kuma babu, me ake fara yi?" Duk ɗan Makka ya san haka na faruwa a otal-otal ɗin gefen Harami. Bai ɗago daga wayarsa ba. Na maimaita. Sai ya cire tabarau, ya goge da bakin shimaginsa, ƙyallen nan da suke yafawa a ka, a hankali kamar mai wanke zinare, ya mayar, ya ƙare min kallo tun daga takalmi.

"Wa ya ce maka kai za ka tsaya a istiƙbal? Je ka koyi ɗaukar shanta da gyaran gado, ya takruni."

Shanta dai jakar baƙi ce, takruni kuwa sunan da suke kiran mu 'yan asalin Afirka ta Yamma. Aji ya kwashe da dariya. Na haɗiye na ce, "Ustaz, ai tambayar darasi ce." Ya ce tana cikin malzama, wato takardun darasi, khalas. Na duba malzamar nan shafi-shafi daren jiya, babu ita. Ashe babban masanin namu shi ma bai san amsar ba! Malamin karamci ke nan fa, sannu da ƙoƙari.

Bara wani dattijo ɗan Sudan ne ke koya mana, gashinsa a kicin ɗin otal ya yi fari. Da wuƙarsa yake shigowa, ya kama hannunka ya nuna maka riƙon, ka ƙona miya ya ɗanɗana ya ce "sake, ya waladi". Sunan kowa ya sani. Ranar darasinsa ko mai zazzaɓi sai ya lallaɓo. Kwantiraginsa ya ƙare ba su sabunta ba.

Kuma abin da ya fi ci min rai, shi wannan mara kunyar malamin istiƙbal bai yi ƙarya duka ba. Tun 2016 ake mana waƙar Ru'uya 2030, shirin gwamnatin Saudiyya na sauya tattalin arziki, aka buɗe bizar yawon buɗe ido a 2019, yanzu ana maganar baƙi miliyan 150, amma kujerun gaba an ware su ga masu jinsiyya, wato 'yan ƙasa. Kakana da ƙafa ya ratso Sudan, ya hau jirgin ruwa a Sawakin, a nan aka haifi babana, a nan aka haife ni, har yau iƙama, takardar izinin zama, nake sabuntawa. Alhazan Kano da Maraɗi in sun rikice a bakin kanta, ni ake kira daga baya in yi tafinta, in gama in koma wajen shanta. Kuɗin makaranta kuwa ba su taɓa tambayar jinsiyyarsa ba, ranar Lahadi ma sun ce in kawo kashi na biyu.