Kwamfuresa na ta walƙiya a akwati, jama'a na toshe kunne

Wallahi abin ya ishe mu. Mutum ya tara kuɗinsa ya yi hayar kayan sauti don walima ko wa'azi ko taron makaranta, a lissafa masa har da kuɗin kwamfuresa, wato na'urar danne sauti, a zo a girke akwati fitilu ja da kore suna ta wasa, amma da mai magana ya ɗaga murya sai lasifika ta tsage, in ya sassauta kuma na sahun baya ba sa jin komai. A tambayi mai kayan, sai ya ɗora wa janareta laifi, ko makirufo, ko ya ce malam ne bai iya riƙe abin magana ba. Ƙarya ce. Ka leƙa bayan akwatin, za ka tarar an jona kwamfuresar a inda ba wurinta ba, ko da wayar da ba tata ba.

'Yan'uwa masu hayar kaya, aikin wannan na'ura ɗaya ne: idan sauti ya wuce iyakar da aka sa mata, ta danne shi. Don haka dole sautin gaba ɗayansa ya ratsa ta cikinta. Me ya kai ku jona ta a oks? Oks reshe ne a jikin miksa, wato na'urar da ake jona makirufofi a haɗa sautinsu, ana ɗiban wani kaso na sautin a kai wa eko ko monita, lasifikar da mai magana ke jin kansa da ita, asalin sautin kuwa yana bin hanyarsa zuwa amfilifaya ba wanda ya taɓa shi. In ka sa kwamfuresa a can, ihun da kake son dannewa ya riga ya wuce, sai ma ka ƙara masa wani a kai. Gaskiya ne a situdiyo ana yin irin wannan haɗi da gangan don a ƙara wa ganguna kauri, amma wannan wata sana'a ce daban, ba ita za ta hana muryar mai gabatarwa fasa kunnen tsofaffi ba.

Wurinta shi ne ramin insat, wanda yake kusa da inda ake soka makirufo a kowane layi na miksa. Ramin ɗaya ne amma hanya biyu ce a cikinsa, ta fita da ta dawowa. Shi ya sa yake da wayarsa ta musamman mai kai uku: ɓangare ɗaya jak ne na TRS mai kaurin milimita 6.35, mai zobe baƙi biyu, ɗaya ɓangaren kuma ya rabu gida biyu, kowanne da jak mai zobe ɗaya. A yawancin miksoshi, irin su Mackie da Behringer da Yamaha, tsinin jak ɗin shi ne fita, tsakiyarsa dawowa, gindinsa kuma at, wato wayar ƙasa. Reshen da ke haɗe da tsini ya shiga mashigar kwamfuresa, wanda ke haɗe da tsakiya ya shiga mafitarta. Iyakar haɗin ke nan. Akwai tsofaffin miksoshi da aka juya musu tsarin, don haka a duba zanen da ke jikin miksar ko littafinta, kuma kada a dogara da launin jak, domin masu ƙera waya ba su yi ittifaƙi a kan ja da baƙi ba. Mita mai ƙara ta masu gyaran rediyo za ta nuna maka wane reshe ne na tsini cikin daƙiƙa biyar.

Abin takaici, wannan waya ita ce ba za ka samu a jakar yawancinsu ba. Mutum ya kashe maƙudan kuɗi a kan kwamfuresa irin dbx 166 ko Alesis 3630, ya kasa haɗa wayar da jak uku da ɗan dalma suka isa a yi ta. Sai ya ɗauko wayar jita mai zobe ɗaya ya danna ta cikin insat har ƙarshe. Nan take hanyar dawowa ta haɗu da at, layin ya yi tsit. Wani kuma ya sa wayar sitiriyo mai kai ɗaya a kowane ɓangare, ya ga fitilun kwamfuresa suna motsi amma babu sauti, domin sautin ya tafi bai sami hanyar komowa ba. Daga nan sai ya yanke hukunci wai insat ɗin miksarsa ya mutu, ya koma oks. Haka ɓarnar take farawa. Kuma tunda wannan haɗi ba balans ba ne, wato ba irin wanda ke kashe gurnani a doguwar waya ba ne, wayar ba ta son tsawo. Mita biyu zuwa uku ya wadatar, a ajiye akwatin a gefen miksa. In aka ja ta mita goma tana rungume da wayar wuta, gurnani sai ya shigo.

Sai masu ɗaukar kwamfuresa guda su ɗora mata taron gaba ɗaya a babbar mafitar miksa. Ganga da bes sun fi komai ƙarfi, su ne za su riƙa taɓa iyakar, duk bugu ɗaya sai muryar mawaƙi ta nutse ta taso kamar mai shan ruwa a kogi. Wannan numfashin da kuke ji sauti yana yi a gidan biki, daga nan yake. In murya ake son gyarawa, a sa na'urar a layin muryar. In makirufo huɗu ne ko biyar, a tara su a rukuni ɗaya a yi amfani da insat ɗin rukunin. Wadda za a sa tsakanin miksa da amfilifaya limita ce, wato mai hana sauti wuce iyaka, reshiyo (yawan dannewa) 10:1 ko sama, iyakarta can sama yadda ba za ta taɓa komai ba sai an yi ganganci, kuma a danna maɓallin da ke ɗaure hagu da dama, in ba haka ba sautin zai riƙa karkata gefe. Wanda kuma ya ɗauko mafitar lasifika ta miksa mai amfilifaya a ciki ya soka wa kwamfuresa, wannan ya shirya biyan mai gyara.

Akwai ɗan maɓalli a bayan yawancin waɗannan na'urori, +4 ko -10. Na farko wajen bolt 1.23 ne, na biyu wajen 0.316, tazarar kusan dB 12 a ma'aunin ƙarfin sauti. In an bar shi a -10 alhali miksa na turo sauti mai ƙarfi, na'urar za ta shaƙe, murya ta yi kaushi. Da yawa ba su ma san yana wurin ba.

To ko an jona daidai, saiti fa? Nan ne ran duk wanda ya san aikin ke ƙara ɓaci. Ana murɗa tirashol, wato maɓallin iyakar, har ƙasa, reshiyo har ƙarshe, jajayen fitilu su cika layi, sannan a murɗa gen, wato maɓallin ƙara ƙarfi, na mafita don a maido da ƙarfin da aka kashe. Ku yi lissafi mana. In ka danne dB 12 ka mayar da 12, to duk lokacin da mai magana ya yi shiru na'urar za ta saki, makirufon ya zama ya ƙaru da dB 12 cur, ya kwaso ƙarar fanka da janareta da ta monita. Wannan fiton mai huda kwanya da ke tashi daidai lokacin da malam ya tsaya shan numfashi, ba aljanu ba ne, hannunku ne. Ga shi insat yana gaba da oks a hanyar sauti, don haka abin da ka danne shi ne zai je monita. Kuma matsananciyar dannewa ba ta kare lasifika, ƙara mata zafi take yi, domin koyil ɗin cikinta ba ya samun sararin hucewa.

Tsarin bai da wuya. A fara da baifas, wato maɓallin da ke sa sauti ya tsallake na'urar, a saita gen na layin a miksa har mita ta riƙa yawo wajen 0 lokacin da mutum ke magana da muryar da zai yi amfani da ita a taron, ba raɗan gwaji ba. Sannan a shigar da na'urar. Reshiyo 3:1 ko 4:1, atak (saurin kamawa) tsakanin milisakan 10 da 30, rilis (saurin saki) tsakanin 100 da 200. A sauke tirashol a hankali har mitar dannewa ta nuna dB 3 zuwa 6 a wuraren da ya ɗaga murya kawai, ta koma sifili in ya sassauta. A 4:1, ihun da ya haura iyaka da dB 12 zai fito da 3 kacal. Gen na mafita kada ya wuce abin da aka rage. In akwai get a jikinta, wato mai rufe layi idan sauti ya yi ƙasa, a bar shi a kashe, ko a buɗe shi sosai, don shi ne ke cinye farkon kalma da ƙarshenta.

Wuta kuma, miksa da kwamfuresa su sha daga soket ɗaya, kada a karya ƙafar at don a kashe gurnani, wannan wasa da ran mai riƙe makirufo ne. Kayan gwanjo da suka fito daga Amurka a duba bayansu, da yawa na bolt 120 ne, namu kuwa 230. Ramin insat yana da ɗan harshe a ciki da ke haɗa hanya idan ba a soka komai ba, ƙurar hunturu tana kwanta masa layi ya riƙa ɗaukewa, a fesa masa maganin wanke kontak a soka jak a zare sau goma. Amfilifaya ita ce ƙarshen kunnawa, farkon kashewa.

Kai kuma Alhaji mai taro, kafin ka cika kuɗi ka sa a yi gwaji a gabanka. Wani ya yi magana a hankali sannan ya ɗaga murya, mai kaya ya danna baifas ya saki. In kunnenka bai ji bambanci ba, ka ce ya nuna maka wayar da ta fito daga insat, in babu ita ka cire kuɗin kwamfuresa daga lissafi.