Kuɗin sigari ne ya sayi bankin

Na karanta wani labari da ya ce iyalan Hartono, attajiran Indonesiya, sun daina dogaro da taba, wai don yanzu mafi yawan arzikinsu a banki yake. Ni dai ban gamsu ba. Mahaifin 'yan'uwan Hartono biyu, wa da ƙane, ne ya kafa kamfanin sigari na Djarum a garin Kudus a 1951, yana naɗa sigari mai kanumfari, kuma ribar wannan sigarin ce ta ba 'ya'yansa ƙarfin shiga cikin waɗanda suka sayi kashi 51 cikin 100 na bankin BCA a 2002, lokacin da gwamnati ta sa shi a kasuwa bayan durƙushewar tattalin arzikin Asiya. Polytron mai ƙera talabijin nasu ne, ƙungiyar ƙwallon Como ta Italiya ma sun saye ta a 2019, amma masana'antar tabar tana nan daram. Iyalan Sampoerna, masu wani kamfanin sigarin a Indonesiya, su ne suka saki tabar da gaske, da suka sayar wa kamfanin taba na Philip Morris nasu a 2005. Wani malam da ya yi sharhi a kan labarin ya ce attajiranmu su yi koyi da iyalan Hartono, na yarda da rabin maganarsa. A nan Katsina mun sha ganin mai kuɗi ya rasu, kafin shekara ta zagayo magada sun sayar da shaguna da motoci, kasuwancin ya bi shi kabari, su kuwa 'yan'uwan Hartono, wa da ƙane, sun riƙe dukiyar wuri guda tun rasuwar mahaifinsu a 1963. To amma wanda ya sha sigarin har huhunsa ya lalace, bankin ne zai biya masa kuɗin asibiti?