Megabait 2 a kan Z80? A fara faɗa mana aikin da zai yi

Kun dai ga zanen nan da ake ta yaɗawa: bod na Z80, tsohuwar firosesa mai bit 8, mai gudun megahaz 4, an jera masa AS6C4008, IC ɗin memori mai 512K, har guda huɗu, wato RAM na megabait 2, ana ta tafi wai ga kwamfutar gargajiya da ba za ta taɓa ƙarewar memori ba. Wani yaro mai hankali ya tambayi abin da za a zuba a ciki, aka yi masa ca, aka ce ba ya son ci gaba. To ni ina tare da yaron nan. Zanen bai yi ba, kuma masu yabonsa suna koya wa sababbin shiga mummunar ɗabi'a.

Z80 layukan adireshi 16 gare shi. 6502, wata firosesa ta zamaninsa, ma haka. Layi 16 na nufin adireshi 65,536, wato kilobait 64, kuma babu dabarar da za ta ƙara ko bait ɗaya a kan abin da firosesar ke gani a lokaci guda. Duk abin da ya haura haka sai dai a leƙa shi ta taga: ka rufe wani yanki, ka buɗe wani a gurbinsa, kowane yanki kuwa banki ake ce masa. Kamar ɗaki ne mai faɗi da ƙofarsa mutum ɗaya take ɗauka. Saboda haka memorin da ya wuce 64K ba kyauta ba ne, ko da IC ɗin ya yi arha. Za ka biya da ƙarin kayan haɗi, ka biya da wahalar rubuta manhaja, ka biya da daren da za ka kwana kana neman kuskure.

Ku yi lissafin da kanku. Umarnin LDIR na Z80, wanda da shi ake kwafar memori, yana cin bugun agogo 21 a kan kowane bait. A megahaz 4, bait kusan 190,000 ke nan a daƙiƙa. Shafe megabait 2 sau ɗaya tak zai ci daƙiƙa 11, na'urar ba ta taɓuka komai ba sai zuba sifili. Idan ta layin siriyal za ka loda a gudun 115,200, bait 11,520 ne a daƙiƙa: 64K zai shiga cikin ƙasa da daƙiƙa 6, megabait 2 kuwa sai ka jira minti uku. Firosesar da ba ta iya zagaye memorinta cikin lokaci mai ma'ana, ina amfanin memorin?

Na san abin da za a ce: ai kuɗin IC ɗin 512K bai fi na 32K da wani abu ba. Gaskiya ne, amma ba a nan tsadar take ba. Wasu kuma su ce gara a yi tanadi saboda gaba. Wace gaba? Wa zai rubuta manhajar? Kwamfutar da mutum ya ƙera a teburinsa ba ta da rumbun manhajoji da ke jiranta. Duk abin da zai gudu a kanta, ko kai ka rubuta, ko ka kwaso daga tsohon tsarin tafiyar da kwamfuta irin CP/M, wanda shi ma don 64K aka gina shi. Mutum ɗaya da ke rubutu da asambili a lokacin hutunsa zai daɗe bai cika 32K ba.

Ku duba abin da aka yi a da. Apple II ta fito a 1977 da memori daga 4K zuwa 48K, kuma a kanta VisiCalc, manhajar jadawalin lissafi, ya gudu. VIC-20 tana da 5K, bait 3,583 kawai ke saura wa mai rubuta BASIC. Commodore 64 ta 1982 tana da 64K cif, amma da ka kunna za ta ce maka bait 38,911 ne naka, saboda ROM na BASIC da na KERNAL da wuraren shiga da fita sun zauna a kan yawancin sauran. ZX Spectrum 16K ko 48K ce, sikirinta duka bait 6,912. WordStar da Turbo Pascal sun yi aikin ofis da na makaranta a cikin 64K na CP/M. Waɗannan ba kayan wasan yara ba ne, mutane sun ci abinci da su.

Hanyar da ta dace a yanke shawara ita ce a fara daga aikin, a ƙirga, sannan a sayi IC. Sikirin shi ne babban mai ci. Rubutu zalla, harafi 80 a layi 25, bait 2,000 ne, ko 4,000 idan kowane harafi na da launinsa. Hoto mai ɗigo 320 sau 200 fari da baƙi, bait 8,000. Amma 320 sau 240 mai launi 256 bait 76,800 ne, ya fi ƙarfin duk abin da firosesar ke gani. Idan irin wannan hoton kake so, memorin bidiyo daban ya kamata ka ba shi, kamar yadda IC ɗin bidiyo TMS9918 ke riƙe nasa 16K, ko VERA, sashen bidiyo na kwamfutar Commander X16, da ke da 128K nata, firosesa na aika mata bayanai ta 'yan adireshi kaɗan. Ƙara wa firosesa RAM ba ya magance wannan. Bayan sikirin sai ka ware wa ROM nasa, 8K ya ishi ƙaramin BASIC da manhajar tada na'ura, sai sitak, inda firosesa ke ajiye adireshin komawa, da wurin ajiyar abin da ke shigowa ta siriyal ko katin SD, wanda ke karanta bait 512 a kowane yanki. Abin da ya saura shi ne na manhajarka.

Ga mai ƙera na farko, RAM na 62256 guda ɗaya mai 32K da 28C256 a matsayin ROM sun wadatar. Layin A15 shi kaɗai zai raba su, rabi RAM rabi ROM, da IC ɗin NAND ɗaya. A 6502 RAM na ƙasa, domin shafin sifili da sitak suna $0000 zuwa $01FF, ROM na sama domin adireshin tashi yana $FFFC. A Z80 akasin haka, tunda daga adireshi 0 yake fara karatu. RC2014 ta asali, kwamfutar Z80 da mutum ke haɗawa da kansa, da 32K na RAM da 8K na ROM ta fito, kuma mutane da dama da ita suka koyi sana'ar nan.

Mai son CP/M 2.2 kuwa 64K cikakke ya fi dacewa da shi, domin tsarin na son RAM a adireshi 0, manhajoji na lodawa daga $0100. Sai ka sa filif-filof ɗaya, wato da'ira mai riƙe bit ɗaya, da zai janye ROM daga hanya bayan an kwafe abin da ke cikinsa. Ka sayi AS6C1008 mai 128K, ka ɗaure A16 da ƙasa, wato bolt 0, ka ɗaure CE2 da bolt 5. Kada ka bar ko ƙafa ɗaya tana lilo. Ƙafar shigarwa ta CMOS da ba a ɗaure ba takan canja da kusantar yatsa, sai ka ga abin da ka rubuta ya ɓace ya dawo, kana zargin manhaja alhali waya ɗaya ce ta rasa.

Idan har aikin ya nuna yana son ƙari, 128K ɗin nan da ke hannunka ya isa a fara. Raba shi banki huɗu na 32K. Sa 74HC273 ya riƙe lambar banki, ka haɗa bit biyunsa da A15 na firosesa ta ƙofofin OR na 74HC32, su tafi A15 da A16 na RAM. Duk lokacin da firosesa ta taɓa rabin sama, banki na ƙarshe za ta samu, ba ya motsi. Rabin ƙasa ne kawai ke sauyawa. IC biyu ƙanana, an gama. Kuma tunda AS6C4008 ƙafa 32 gare shi kamar 1008, ka bar jamfa a ƙafa ta 30, wadda CE2 ce a ƙaramin, A17 ce a babban, ka kai layi zuwa ƙafa ta 1 domin A18. Wannan shi ne tanadin gaba na gaskiya, jamfa ɗaya da layi ɗaya.

Masu megabait 2 ba sa faɗa wa mutane abin da ke biyo bayan sauya banki. Idan sitak na cikin yankin da ke sauyawa, ka canja banki ka ce RET, wato umarnin komawa, adireshin komawa ya tafi da tsohon bankin, na'ura ta faɗa inda ba a aike ta ba. A yanayin katse aiki na IM 1, siginar katse aiki na tura Z80 zuwa $0038. Idan bankin da ke buɗe a lokacin ba shi da komai a wurin, shi ke nan, kuma ba kullum zai faru ba, sai lokacin da siginar ta faɗo daidai kan bankin, shi ya sa kama shi ke da wuya. Dole kowane banki ya sami 'yar manhajar tsalle a wurin, ko ka koma IM 2 da teburinsa a sama. Rijistar banki galibi rubutawa kawai ake yi, ba a karanta ta, don haka sai ka ajiye kwafin lambar a yankin da ba ya motsi, ka sabunta shi kafin ka rubuta wa rijistar. 74HC670 da ake amfani da shi don taga huɗu na 16K ba shi da ƙafar sharewa, yana tashi da duk lambar da ta ga dama, sai an ƙara wani filif-filof da zai hana shi aiki har manhaja ta cika shi. Adireshi mai bit 16 kuma ya daina isa ya nuna wuri, sai an haɗa masa lambar banki, kuma yawancin kwamfailolin C na bit 8 ba sa yi maka wannan a sauƙaƙe. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Ban ce 512K haramun ba ne. RomWBW, manhajar ROM da ke gudanar da CP/M a kan kwamfutocin Z80, na amfani da 512K na RAM da 512K na ROM, kuma ya san abin da yake yi da su: wani ɓangare ya zama faifai a cikin RAM, wani ya riƙe manhajojin sarrafa kayan aiki, CP/M 3 ya sami bankunansa. Akwai manhajar tun kafin a sayi IC ɗin. Commander X16 na da 512K da ake leƙawa ta tagar 8K a $A000, kuma ROM ɗinta ya zo da hanyoyin kiran banki. Mai zanen nan bai nuna mana ko layi goma da za su taɓa banki na biyu ba.

Wanda kuma da gaske yake son megabait, ya canja firosesa. Z180 na da nasa tsarin raba memori a ciki, yana kaiwa megabait 1. 65C816 na kaiwa megabait 16, sai dai lambar bankinsa ta layukan bayanai take fitowa, sai ka kama ta da 74HC573. 68000 na ganin megabait 16 a shimfiɗe babu taga, amma ko Amiga 500 da 512K aka sayar da ita, Macintosh ta 1984 da 128K.

Tunda maganar Z80 ake, tun da Zilog ta sanar a 2024 cewa ta daina ƙera Z84C00, wato Z80 na CMOS, sai a yi hattara da waɗanda ake samu a intanet. Akwai tsofaffin Z80 na NMOS, ƙirar da ta gabaci CMOS, da aka goge bayansu aka buga musu lambar CMOS mai megahaz 20. Na NMOS yana ɗumi a hannu, yana jan wuta da yawa, kuma ba ya jure a rage gudun agogo ƙwarai ko a tsayar da shi. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne umarnin nan da ba ya cikin littafi, bait ED 71: NMOS zai fitar da 0 a tashar, CMOS zai fitar da FF. Ku sa soket a ƙarƙashin firosesa da RAM, kada ku narka musu dalma kai tsaye a bod, ku manna kafasita 100nF a jikin ƙafar wutar kowane IC.